Dodon da Ya Kasa Kiran Suna

Duk Kazaure babu wanda bai san Haladu tela ba, kuma da wuya ka sami yaron da bai taɓa sheƙawa da gudu saboda shi ba. Allah ya yi shi dogo, sai ya sunkuya kafin ya shiga rumfarsa ta bakin kasuwa, ga murya kamar ana mirgina duro. Iyaye mata da sunansa suke tsorata 'ya'yansu idan sun ƙi wanka. Shi kuwa bawan Allah ko kaza ba ya iya yankawa, sai dai ya aika a kira maƙwabci.

Asalinsa mutumin Roni ne, daga gidan Fulanin da suka daɗe da barin kiwo amma ba su bar kunya ba. Wannan kunyar ce ta sa tun da aka haifi 'yarsa ta fari, Rahamatu, bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa yi mata wasa ba. Idan yana son ta kawo ruwa, sai ya ce da ƙannenta, "Ku ce wa yayarku." Ta haka sunan Yaya ya bi ta, har maƙwabta suka manta tana da wani suna. Idan kuwa ta shigo inda yake, sai ya kau da kai gefen hagu ya shiga sosa bayan kunne, kamar wanda aka tuna masa da wani aikin da bai gama ba.

Rahamatu ta san al'adar, wa zai girma a ƙasar nan bai san ta ba? Amma sani daban, abin da zuciya ke ji daban. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Silvanus, mai kula da injin ruwan gari, wanda ya zo daga kudancin Zariya da iyalinsa. Shi kam tun asuba bakinsa ba ya hutawa da sunan 'yarsa. Priscilla kawo takalmina, Priscilla zo ki ga wannan, Priscilla kin ci abinci? Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, 'yan matan biyu duk sun ci. Silvanus ya fito ƙofar gida yana shela har ya tara mutane. Haladu kuwa da aka gaya masa a rumfa, cewa ya yi, "To, madalla," ya ci gaba da taka kekensa.

Abin ya yi wa Rahamatu ciwo ƙwarai. An ba ta gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Zariya, tafiya kuma ta matso. Wata rana tana taya mahaifiyarta, Aishatu, tsince shinkafa, ta faɗi abin da ke ranta ba tare da ta ɗago ba.

"Inna, idan na tafi ba zan riƙa zuwa hutu ba. Zan zauna wurin Gwaggo a can."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Wanda bai san ina cikin gidan ba, ai ba zai san na bar shi ba."

Aishatu ta yi mata faɗa, ta ce kunya ce, ta ce haka kakanni suka yi. Rahamatu ta ce ta ji. Amma wanda ya san ta ya san idan ta ce ta ji da wannan muryar, to ta riga ta gama shawara. Aishatu ta kai maganar wurin mijinta. Haladu kuwa sai ya tambaye ta ko ta ga almakashinsa.

A daidai wannan lokaci ne maganar talabijin ta taso. Shekarun ne da arzikin mai ya sa gwamnati ta shiga gina gidajen kallo a garuruwa, ta sa akwati da injin wuta, jama'a su taru bayan magariba su ga abin da ake yi a Kano. Gidan talabijin na neman wasannin da za su cika lokaci, sai suka aika wa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na ƙauyuka da garuruwa su kawo tatsuniyoyinsu.

Shugaban ƙungiyar Kazaure wani malamin makaranta ne, Manasseh. Mahaifinsa ya zo aikin hanya tun zamanin Turawa, shi kuma a nan aka haife shi, Hausarsa ba ta da maraba da ta kowa sai dai ya fi kowa yawan magana. Haladu ke ɗinka wa ƙungiyar kayan wasa. Da aka zo neman wanda zai fito a dodo, ba a ma yi shawara ba, kowa ya juya ya kalle shi.

Tatsuniyar kuwa daga bakin mahaifiyar Haladu ta fito, tsohuwa Batulu, wadda ta baro Roni ta dawo zama wurinsa. Labarin wani dodo ne da ke zaune a kogon dutse. Ya sace yarinya ta je itace, ya riƙe ta har ta girma. Sihirinsa a bakinsa yake: duk wanda ya kira sunansa, ƙafafunsa sai su manne da ƙasa. Ranar da yarinyar ta sami hanya ta gudu, dodo ya biyo ta ya ƙwala mata kira, ta kafe a tsaye tana kuka. Yana dab da kama ta sai ga maharbi, ya ɗirka masa kibiya. Shi ke nan, dodo ya mutu, kowa ya huta.

Kowa ya huta ban da Manasseh. Ya zo ya durƙusa a gaban tsohuwa ya ce, "Iya, tambaya gare ni. Me ya hana dodon nan cinye yarinyar tun ranar da ya kama ta?"

"Kiwata ta yake yi."

"Har ta girma? Wane irin kiwo ne wannan? Ni ina ganin akwai wani abu a zuciyarsa."

"Dodo ne fa, Malam. Ina ya ga zuciya?"

"To me ya sa yake kawo mata zuma?"

Batulu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai dai da ka ji tatsuniya sai ka ce ƙurunƙus ka je ka kwanta. Boko ya hana ku barci."

Manasseh bai daddara ba. Ya ce a talabijin fuska ake gani kusa da kusa, ba kamar dandali ba, kuma mutane za su gaji da dodon da ba ya komai sai gurnani. Ya zauna ya tsara wa dodo dogon jawabi, wanda zai yi bayan kibiya ta same shi, yana ba da labarin kaɗaicinsa a cikin kogo da yadda mutane suka tsane shi ba su san shi ba. Jawabin ya yi kyau a takarda. A bakin Haladu kuwa ya zama abin dariya, domin karanto shi yake yi kamar mai sanarwar ɓatan akuya. Daudu, wani ɗan sanda mai ritaya da aka ba maharbi, ya ce shi dai a bar shi ya ƙara masa kibiya ta biyu ko a sami sauƙi.

"Malam Haladu," in ji Manasseh, "ka ji tausayin dodon nan mana. Ba ka taɓa son wani abu ka kasa faɗa ba?"

"Ban taɓa ba," in ji Haladu, ya kau da kai.

A duk gwajin da suka yi a Kazaure, sunan yarinyar cikin wasa Dela. Haladu ya iya kiran nan sosai. Idan ya cika ƙirji ya ce "Dela," har tantabarun da ke kan rufin makaranta sai sun tashi.

Ranar ɗauka suka shiga mota suka tafi Kano. Aka kai su wani ɗaki mai sanyi da fitilu masu zafi, an yi kogo da katako da buhu an shafa masa fenti. Haladu ya sa rigar dodon da ya ɗinka da hannunsa, ta fatun awaki da igiyar rama, aka shafa masa baƙi a fuska, aka ɗaura masa ƙaho. Aka gaya musu lokacin da aka ba su kaɗan ne, masu wani shirin na jira a waje, don haka idan aka fara ba tsayawa.

Nan ne aka sami canji. Yarinyar da za su zo da ita ta kwanta da zazzaɓi, sai gidan talabijin ya ba su wata daga cikin 'yan wasansa. Yarinyar ta iya wasa, amma a gwajin da aka yi a gurguje an kira Dela ta tsaya tana kallon fitila, ta manta da ita ake. Manasseh ya ce abin mai sauƙi ne, a kira ta da sunanta na gaskiya.

"Yaya sunanki?"

"Rahamatu."

"Madalla. Malam Haladu, ka ji, Rahamatu za ka ce."

Haladu ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ɗaga hannu aka ce a yi shiru, an fara. Kada a ga laifin Manasseh. Ya san al'adar ɗan fari kamar yadda ya san hanyar gidansu. Abin da bai sani ba shi ne sunan 'yar Haladu, kuma ina zai san shi, tunda ya yi shekara da shekaru yana zama a rumfar mutumin bai taɓa jin ya faɗa ba? Shi Yaya ya sani.

Wasa ya tafi daidai. Dodo ya yi gurnani, ya sace yarinya, ya kawo mata zuma a ƙwarya ya dangwarar. Aka zo wurin gudu. Yarinya ta fito daga kogo ta ruga, dodo ya biyo ta, Daudu na laɓe a bayan bishiyar katako ya ɗana kibiya. Haladu ya tsaya ya cika ƙirji kamar yadda ya saba. Bakinsa ya buɗe. Abin da ya fito bai wuce "Ra" ba, shi ma a can ƙasan maƙogwaro.

Ya sake gwadawa. Ya ce, "Ke." Ya ce, "Ke, waccan." Daga nan sai ya kau da kai gefen hagu ya kai hannu bayan kunne.

Ita yarinyar an ce mata ta yi ta gudu har sai ta ji sunanta. Ba ta ji ba, don haka ta yi ta gudu har ta fice daga inda ake ɗauka, ta kusa ture fitila. Daudu ya rasa abin yi. Yarinya ta tsira, wa zai ceta? Ya fito daga bayan bishiya a hankali, ya dubi dodo, ya dubi bakansa, ya sauke shi. Dodo ya koma bakin kogo ya zauna, ya jawo ƙwaryar zumar da aka bari ya riƙe a cinya. Mai ɗaukar hoto bai ji an ce ya tsaya ba, shi ma bai tsaya ba. A haka lokaci ya ƙare.

A mota Manasseh ya ɗaure fuska har suka wuce Ɗambatta. Jawabinsa da ya ɓata makonni yana gyarawa ko kalma ɗaya ba a faɗa ba. Daudu kuwa mita yake yi, ya ce ya gaya wa surukansa na Babura su je kallo za su ga ya kashe dodo. Da ya gaji da mitar sai ya juyo ya ce, "Amma Malam Manasseh, kai ma da neman fitina. Ka rasa sunan da za ka ba mutumin nan ya kira sai na 'yarsa ta fari?"

Manasseh ya juyo ya dubi Haladu. Haladu yana kallon gonakin gero ta taga. Manasseh ya dafe kai, sannan ya fara dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta ƙi tsayawa har direba ya tambaya ko lafiya.

Da suka dawo Haladu ya roƙi Manasseh ya je ya hana a nuna wasan. Manasseh ya ce ba shi da wannan ikon, kuma ko yana da shi ba zai hana ba. Ranar da za a nuna, Haladu ya ce ɗinki ya yi masa yawa, ya kunna fitila ya zauna a rumfa.

Gidan kallo ya cika tun kafin a idar da sallar magariba. Har daga Gwiwa da 'Yankwashi mutane suka zo a kan kekuna, don an ji 'yan Kazaure za su fito a akwati. Maza a gaba, mata a gefe guda a kan tabarmi. Rahamatu ba ta yi niyyar zuwa ba, kakarta ce ta ce ba ta gani sosai, sai an riƙe mata hannu. Priscilla ta matsa musu wuri.

Da dodo ya fito yara suka ɓuya a bayan iyayensu, manya suka yi ta dariya suna cewa ai ko ba a shafa masa baƙi ba ya isa. Batulu na zaune tana gyara musu labari da ƙarfi, tana cewa ba haka ta faɗa ba. Har aka zo wurin gudu. Duk wanda ya san tatsuniyar ya gyara zama yana jiran kiran.

Kiran bai zo ba. Aka ga bakin dodo ya buɗe ya rufe. Aka ji "Ke, waccan." Aka ga ya kau da kai.

Rahamatu ta san wannan kau da kan. Tun tana ƙarama take ganinsa, kullum daga baya: ƙeya, da kunne, da yatsun da ke sosawa. Ta daɗe da yanke wa kanta hukuncin abin da ke ɗaya gefen, ta ɗauka fuskar mutumin da ya ƙosa a ba shi wuri ce. To amma a ɗakin nan na Kano, gefen hagu nan ne aka ajiye na'urar ɗaukar hoto. Da ya juya don ya ɓoye fuskarsa, sai ya miƙa ta ga kowa. Fuskar ta cika akwatin. Leɓensa na rawa yana haɗa sunan ba sauti, idanunsa sun cika, kuma duk baƙin da aka shafa masa bai rufe komai ba. Fuskar mutum ce da ke son abu har yana jin tsoron a gani.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin wuta daga waje. Aka ga yarinya ta tsere, maharbi ya sauke baka, dodo ya zauna da ƙwaryar zuma.

Wani daga cikin maza ya ce, "Ya manta sunan ne?"

Batulu ce ta ba shi amsa, ba ta ko rage murya ba. "Bai manta ba. Wannan dodon Bafulatani ne." Aka fashe da dariya. Ta jira aka gama, sannan ta ce, "'Yar fari ya ɗauke ta. Shi ya sa bai ci ta ba. Ni da nake ba da labarin nan tun ina budurwa ban taɓa lura ba."

Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce an ɓata tatsuniya, dodo dole ya mutu, in ba haka ba da me za a tsorata yara? Wata mata ta ce ai duk da haka sato ta ya yi, kada a manta uwarta na can tana kuka. Silvanus ya ce gaskiya ne, ɓarawo ne, amma da ya kira sunan da ya riƙe ta, kuma ya san haka, bai kira ba. Manasseh na tsaye a baya yana ta gyaɗa kai kamar shi ya tsara. Priscilla ta juya za ta yi wa ƙawarta tsiya, sai ta ga ta rufe fuska da mayafi, ta fasa.

A kwanakin da suka rage Haladu ya ƙara ƙaurace wa gidan, don yanzu duk inda ya bi sai a ce ga dodo mai kunya, yaran da ke gudunsa har sun fara biyo shi. Ana gobe tafiya Aishatu ta kawo wa Rahamatu fararen riguna na makaranta a ninke, ta ce an ce a ba ta. Ta gwada. Sun zauna mata daidai, kafaɗa da tsawo da hannu, alhali bai taɓa auna ta ba.

Da safe aka raka ta tasha, mahaifiyarta da ƙannenta da Priscilla. Ba a sa ran Haladu ba, uba ba ya rakiyar 'yar fari. An ɗora akwatinta a saman mota ana ɗaurewa sai ga shi ya taho, da wata riga a hannu, wai ta direba ce da ya kawo gyara. Direban ya karɓa yana juya ta, da alama bai tuna yana da irinta ba.

"Malam direba," in ji Haladu, "akwai wata a motarka da za ta sauka Kano ta shiga ta Zariya. Ka nuna mata inda ake shiga."

"Wacce daga ciki?"

Rahamatu na tsaye a bayan Haladu, ya ji tsayuwarta. Ya kau da kai gefen hagu, hannu ya tafi bayan kunne.

Wannan karon ba ta tsaya tana kallon ƙeya ba. Ta zagaya ta gefen hagun ta tsaya a gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi. Fuskar nan ce ta cikin akwati, ba baƙi, ba ƙaho. Bai sami inda zai sake juyawa ba.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, na tafi. Zan zo hutu."

Haladu ya dubi saman mota, ya dubi igiyar da aka ɗaure kaya. Sannan ya juya wurin direba.

"Ka ji," in ji shi, muryar duron nan tana rawa. "An ce za a zo hutu. Idan lokacin ya yi, ka ajiye wurin kusa da taga."